Na San Kalmomin Turanci, Amma Wasiƙata Kullum Sai Ta Sha Jan Biro

Tambaya: “Malam, barka da ƙoƙari. Ni ma'aikaci ne a wani ofis mai zaman kansa, ina da difloma, kuma yawancin wasiƙun ofis ni nake rubutawa. Kalmomin Turanci na san su bakin gwargwado, ina karanta jarida ina ganewa. Amma da wuya in kai wa shugabana wasiƙa ta dawo ba jan biro. Na rubuta *we discussed about the matter*, ya soke *about*. Na rubuta *to enable me travel*, ya ƙara *to* kafin *travel*. Na rubuta *I look forward to see you*, ya mayar da shi *seeing*. In na tambaye shi dalili sai ya ce haka Turawa ke faɗa. Shin akwai ƙa'ida, ko haddacewa kawai ake yi? Ta ina zan fara?”

Amsa: Ɗan'uwa, barka kadai, Allah ya ƙara basira. Gyare-gyaren nan uku da ka kawo duk ciwo ɗaya ne. Ba ma'anar kalma ka ɓata ba, ba kuma lokacin aikatau ka rikita ba. Abin da ya ba ka matsala shi ne abin da ke biyo bayan aikatau: wane irin abu wannan kalma take yarda ya zauna kusa da ita, wane ne take ƙi. Shugabanka ya yi daidai a dukkan ukun. Amsar da ya ba ka kuwa rabin gaskiya ce. Akwai wuraren da lallai sai hadda, amma akwai tsari mai yawa a ƙarƙashi, kuma wanda ya gane tsarin, haddarsa takan ragu sosai.

Ka fara da harshenka, don abin ba baƙo ba ne. Kana cewa “na tambayi malam”, “na tambaye shi”, “shi na tambaya”. Aikatau ɗaya ne, amma ƙarshensa ya sauya sau uku gwargwadon abin da ya biyo baya: suna, ko wakilin suna, ko ba komai. Irin wannan ne masanin harshen Hausa F. W. Parsons ya tsara a 1960 da ya kasa aikatan Hausa rukuni bakwai, waɗanda ake kira giredi. Kana kuma cewa “ya daina zuwa”, amma “yana so ya zo”. Ba Bahaushen da zai ce “ya daina ya zo”. Babu malamin da ya zaunar da kai ya koya maka cewa “daina” na ɗaukar sunan aiki. Ka ji shi sau dubbai tun kana goye, har ya zauna. Baturen da ke cewa *he stopped coming* amma *he wants to come* shi ma haka ya samu nasa. Kai kuwa an ba ka kalmomin Turanci ɗaya-ɗaya a allo, kowace da fassararta a gefe, aka bar maka haɗawa. Da ka zo haɗawa sai ka ɗauko tsarin da ke hannunka, wato na Hausa, ko na wata kalmar Turanci mai kama da ita.

Wannan matsala ta daɗe da samun masu kula da ita, kuma malaman da suka koyar da baƙi ne suka fara ganinta. A. S. Hornby yana koyarwa a Japan, tare da Harold Palmer, ya lura ɗalibansa sun san ma'ana amma ba su iya gina jimla ba. Shi ne ya jagoranci wani ƙamus da aka buga a Tokyo a 1942, wanda Oxford ta sake bugawa a 1948, kuma shi ne asalin *Oxford Advanced Learner's Dictionary* da ke makarantunmu. A cikinsa ya kasa aikatan Turanci zuwa tsari 25, ya sa wa kowane aikatau lambar tsarinsa. Daga baya John Sinclair da abokan aikinsa a Jami'ar Birmingham suka tara miliyoyin kalmomi na ainihin magana da rubutu a kwamfuta, suka duba yadda kowace kalma ke zama da maƙwabtanta, suka fitar da ƙamus ɗin COBUILD a 1987. Abin da binciken ya tabbatar shi ne kalmomi masu ma'ana kusa da juna sukan bi tsari iri ɗaya. Na kawo wannan tarihi don ka san cewa amsar yawancin tambayoyinka tana cikin ƙamus ɗin da mai yiwuwa yana ajiye a ofishinku, sai dai ba a nuna maka inda ake dubawa ba.

## Ƙashin bayan jimla

Sa'ar da muka yi ita ce Hausa da Turanci suna jera jimla iri ɗaya: aikau, aikatau, karɓau. “Audu ya sayi mota”, *Audu bought a car*. Bajapane ko Baturke sai ya juya tunaninsa kafin ya iya wannan, mu kuwa kyauta muka same shi. Babban littafin nahawun Turanci na Randolph Quirk da abokansa na 1985 ya nuna cewa jimloli masu sauƙi ba su wuce iri bakwai ba, kuma aikatau ne ke zaɓar irin da za a bi. *Sleep* ba ya bukatar komai a bayansa. *Buy* na bukatar abu. *Give* na iya ɗaukar mutum da abu. *Put* kuwa sai da abu da wuri: *I put the file* jimla ce guntuwa, sai ka ce *on the table* ta cika. *Elect* na ɗaukar mutum da muƙami: *they elected him chairman*.

Inda Bahaushe kan yi tuntuɓe a wannan mataki kaɗan ne, kuma da difloma a hannunka ina zaton ka wuce su. Ɗaya shi ne maimaita aikau, *my brother he came*, domin a Hausa “ya” ɗin dole ne a “wana ya zo”. Ɗaya kuma shi ne barin wakilin suna a ƙarshen jimla irin *the man that I told him*, wanda ya fito daga “mutumin da na gaya masa”. Turanci na cewa *the man that I told*, ya tsaya nan.

## Dalilin da ya sa aka soke *about*

A nahawun Hausa muna da aikatau so-karɓau da ƙi-karɓau, wato mai ɗaukar abin da aikin ya faɗa wa da wanda ba ya ɗauka, kuma Turanci ma haka. *Discuss* so-karɓau ne kai-tsaye: *we discussed the matter*. Ba harafi a tsakani, wato ƙaramar kalma irin *about* ko *for*. To daga ina *about* ta shigo? Ruwa ba ya tsami banza. Hanyoyi uku ne suka haɗu. Akwai *talk about*, wanda daidai ne, kuma ma'anarsa kusa take. Akwai sunan, *a discussion about the matter*, shi ma daidai ne. Ga kuma Hausa da ke cewa “mun tattauna a kan batun”. Abu uku na tura ka gefe ɗaya, dole hannu ya rubuta.

Hanya ta biyun nan ita ce ta fi ba da haske, domin ta bayyana tarin kurakurai na wasiƙun ofis a lokaci guda. A Turanci suna ba ya ɗaukar karɓau kai-tsaye, sai da harafi. Aikatau kuwa yana iyawa. Don haka *a request for leave* daidai ne, amma *I requested leave*, ba *for*. *An order for cement*, amma *we ordered cement*. *A demand for payment*, amma *they demanded payment*. *Emphasis on punctuality*, amma *he emphasised punctuality*. *In contact with the supplier*, amma *contact the supplier*. Duk lokacin da hannunka ya so sa harafi bayan irin waɗannan, ka tsaya ka tambayi kanka ko daga sunan ka aro shi. *Comprise* kuma da *consist of* yake rikicewa: *the committee consists of five members* ko *comprises five members*, ba *comprises of* ba.

Akwai kuma akasinsa, inda muke yar da harafin da ya kamata ya zauna. *Reply my letter* ya cika ofisoshinmu, alhali *reply to my letter* ake cewa. *Answer* ne ke tafiya ba harafi, shi ya ja *reply* ya ɓata. *Listen to him*, *dispose of the items*, *arrive in Kano*, *arrive at the office*. Kanun jaridunmu sukan rubuta cewa wane *arrives Kano*, kuma daga nan mutane da yawa suka ɗauka. Wajen zaɓar harafin kansa, a nan ne hadda ta fi yawa. Babu wani dalili na hankali da ya sa ake cewa *congratulate him on*, *accuse him of*, *blame him for*, *depend on*, *good at*, *interested in*. Sai dai ka riƙe su tare da kalmar tun ranar da ka fara saninta, kamar yadda kake riƙe lambar waya da sifilinta na farko.

## Mutum da abu bayan aikatau ɗaya

A Hausa “wa” da “ma” suna shiga kusan ko'ina: gaya mini, bayyana mini, aiko mini, gyara mini. Turanci ya raba aikatansa gida biyu. Wasu suna yarda mutum ya zo nan da nan bayansu: *give me the key*, *tell me the truth*, *show him the receipt*, *send us the invoice*. Wasu ba sa yarda sam, sai abu ya fara zuwa, mutum ya biyo da *to*: *explain the matter to me*, *describe it to us*, *report it to the manager*, *suggest a date to them*. *Explain me the matter* kuskure ne, duk da cewa *tell me the matter* ba laifi.

Akwai wata alama da ke taimakawa. Gajerun aikatau na asalin tsohon Turanci su ne suka fi karɓar mutum kai-tsaye, dogaye kuma da suka shigo daga Faransanci da Latin, musamman bayan Normandawa daga arewacin Faransa sun ci Ingila da yaƙi a 1066, yawanci ba sa karɓa. *Give him money*, amma *donate money to him*. *Tell* da *explain*, *show* da *demonstrate*, haka suke. Alama ce kawai, tana da masu karya ta: *offer* da *promise* suna karɓar mutum, *say* kuwa gajere ne kuma tsoho amma ba ya karɓa. *He said me* ba Turanci ba ne; *he told me* ko *he said to me*.

A nan ne *borrow* da *lend* suke. Mu da saiwa ɗaya muke yin duka biyun: “na ari biro”, “na ara masa biro”. Shi ya sa *borrow me your pen* ke fita da sauƙi. A Turanci mai karɓa ne ke *borrow something from somebody*, mai bayarwa kuma *lend somebody something*. Wannan ba ƙaramin gyara ba ne a wasiƙar da ta shafi kuɗi, domin yana iya juya wanda ake bi bashi ya koma mai bi.

## *To*, ko *-ing*, ko ba komai

Nan ne tambayoyinka biyu na ƙarshe suke, kuma nan na fi daɗewa da ɗalibaina, musamman manya masu zuwa ajin yamma bayan an tashi aiki.

Idan aikatau biyu suka haɗu, na farkon ne ke yanke siffar na biyun. Akwai masu ɗaukar *to*: *want, decide, hope, plan, agree, refuse, promise, expect, fail*. Ka lura yawancinsu suna kallon gaba ne, abin bai faru ba tukuna lokacin da ake so ko ake shiryawa. Sun yi kama da “ina so in tafi”, “na yarda in biya”. Akwai masu ɗaukar *-ing*: *enjoy, finish, avoid, keep, deny, mind, admit*. Yawancinsu suna magana ne a kan aikin da ke gudana, ko ya riga ya faru, ko ake kallonsa a matsayin abu. Sun yi kama da “ya gama rubutu”, “ya guji magana”. Wannan rabon zai fitar da kai a mafi yawan lokuta, amma kada ka rantse da shi. *Consider* da *suggest* gaba suke kallo, duk da haka *-ing* suke ɗauka: *we are considering buying a generator*, *I suggest meeting on Monday*. *Suggest* ma mai wuyar sha'ani ne. *I suggest you to come* ba ya yiwuwa, sai *I suggest that you come*.

Wasu kaɗan suna ɗaukar duka biyun, ma'ana ta sauya. *He stopped smoking*, ya daina shan taba. *He stopped to smoke*, ya tsaya don ya sha taba. *Remember to lock the store*, kada ka manta ka kulle. *I remember locking the store*, ina tune da cewa na kulle. Mai gadi da ya rikita waɗannan biyun a rahoto zai iya sa kansa cikin rigima. Su *begin*, *start* da *continue* kuwa duk wanda ka sa, ba wani bambanci na kirki.

Sai inda mutum ya shiga tsakani. *Enable, allow, ask, advise, permit, force, encourage, want*: dukkansu mutum, sannan *to*, sannan aiki. *To enable me to travel*. Na san yana yi wa kunne nauyi, *to* biyu a kusa da juna, kuma ina ganin shi ya sa ake yar da ta biyun. Har a takardun hukuma za ka ga *to enable him attend*, mutane suna kwafa daga fayil zuwa fayil shekara da shekaru har ya zama kamar shi ne daidai. Masu tafiya ba *to* kaɗan ne: *make* da *let*, sai aikatan gani da ji. *He made me wait*, *let me go*, *I saw him leave*. Abin dariya, mu mun juya su: muna cire *to* daga *enable* da *allow*, muna liƙa ta a *make*, mu ce *he made me to wait*. Wannan kuskuren ma yana da tushe, domin in aka juya jimlar *to* takan dawo: *I was made to wait* daidai ne. *Help* shi ne mai sauƙin kai, *help me carry it* da *help me to carry it* duk sun yi.

Yanzu *look forward to*. Sirrin shi ne *to* iri biyu ce a Turanci. Akwai wadda ke gaban aikatau, kamar ta *want to go*. Akwai kuma harafi mai nuna wajen da aka nufa, kamar ta *go to Zaria*. Ta *look forward to* irin ta biyun ce, kuma ƙa'ida ce mai ƙarfi cewa aikatau in ya biyo bayan harafi sai ya ɗauki *-ing*: *before leaving*, *without paying*, *interested in joining*. Ga gwajin da nake ba ɗalibai, kuma bai cika ba da kunya ba: sa suna bayan *to* ɗin ka ji. *I look forward to your reply* ya zauna, ashe harafi ce, don haka *seeing*. *I want to your reply* bai zauna ba, ashe irin ta farko ce, don haka aikatau tsura. Gwada shi a kan *object to*, *committed to*, *in addition to*, *with a view to*, za ka ga duk *-ing* suke bukata. *With a view to improving*, ba *improve* ba. Wannan ma ɗan gidan wasiƙun ofis ne.

Gwajin zai raba maka *used to* ma. *I used to live in Gusau*: dā can na zauna, yanzu na bari. *I am used to waking early*: na saba. Abin da babu shi a Turanci shi ne *I use to go there every Friday* da nufin “nakan je”. Hausa na da lokaci na musamman don abin da aka saba yi, Turanci kuwa *I go there every Friday* ko *I usually go* kawai yake cewa.

## Ƙananan wurare da Hausa ke leƙowa

“Ina da mota”, “ina so”, “ina ji”, “ina ganewa”: duk da “ina” muke yin su, kamar “ina tafiya”. Turanci ba ya son *-ing* a aikatan mallaka, sani da so in ana nufin hali tsayayye. *I have a car*, *I understand*, *I know him*, *it belongs to us*. *I am having a meeting* daidai ne domin taro aiki ne da ake yi, amma *I am having three children* zai sa Bature ya zaci haihuwa ake ciki.

“Yi” namu kuma jaki ne mai ɗaukar kowane kaya: yi kuskure, yi aiki, yi wanka, yi haƙuri. Turanci ya rarraba kayan: *make a mistake*, *do the work*, *take* ko *have a bath*, *be patient*. *Make a decision*, *pay attention*, *take medicine*. Akan ce *make* na abin da aka samar ne, *do* na aikin da aka gudanar, kuma yana taimakawa kaɗan, amma *make the bed* ba ƙera gado ba ne. Sunayen da ba a ƙirgawa, su *information, advice, equipment, furniture, luggage*, ba sa ɗaukar *s* ko *an*. In kana son ɗaya sai *a piece of advice*.

Tambaya a cikin jimla takan koma jerin magana: *where is the file?* amma *please tell me where the file is*. Wadda ta fi haɗari ita ce amsar tambaya mai korewa. In aka ce maka “ba ka biya ba?” kana iya cewa “e, ban biya ba”, wato ka gaskata mai tambaya. Bature in ya ce *haven't you paid?* kuma ba ka biya ba, *no* za ka ce. *Yes* na nufin ka biya. Maganinsa shi ne kada ka tsaya a kalma ɗaya: *no, I haven't*.

## Shin duka kuskure ne?

Za ka ji masu cewa ai wannan Turancin Nijeriya ne, a bar mu da abinmu. Maganar tana da ƙafa. Masana irin su David Jowitt, wanda ya fitar da littafi a kan yadda ake amfani da Turanci a Nijeriya a 1991, sun nuna cewa abubuwa da yawa a cikinsa tsari ne tabbatacce, ba ɓatan kai na mutum ɗaya ba. A watan Janairun 2020 babban ƙamus na Oxford ya shigar da kalmomi 29 daga Nijeriya, har da *okada*, *next tomorrow* da *Kannywood*. Sai dai ka lura kalmomi aka karɓa. Tsarin jimla bai samu wannan karɓuwa ba, kuma masu duba jarrabawar WAEC da NECO, da masu shirya ta JAMB, har yau *discuss about* kuskure ne a wurinsu.

Ra'ayina shi ne a raba wuri da wuri. A hira da abokai, ko a kasuwa, wanda ya tsaya gyara wa mutane *borrow me* neman suna kawai yake yi. A wasiƙar da ke ɗauke da sunan kamfani, ko takardar neman aiki, ko jarrabawa, ka bi abin da ƙamus ya ce, domin mai karantawa zai auna ka da shi ko ka so ko ka ƙi. Kuma a cikin kurakuran ma akwai manya da ƙanana. *Enable me travel* ba ya ɓatar da kowa, tabo ne kawai. *Borrow* a wurin *lend*, da *yes* a wurin *no*, da *stop to* a wurin *stop* mai *-ing*, su ne ke sauya magana. Da su za ka fara.

## Ta inda za ka fara

Ka sauya yadda kake duba ƙamus. Nemi na masu koyo, na Oxford ko Longman ko Cambridge. Duk suna intanet kyauta, wayarka ta isa. In ka buɗe kalma kada ka tsaya a ma'ana. Dubi rubutu mai kauri da ke gaban misalai. A ƙarƙashin *enable* za ka ga *enable somebody to do something*. A bugun takarda akan gajarta su *sb* da *sth*. Wannan layin shi ne gadon aikin Hornby, kuma shi ne abin da za ka kwafa. Ƙamus na Turanci zuwa Hausa yana da amfaninsa, amma ba zai ba ka wannan ba.

Ka samu ƙaramin littafi. Kada ka rubuta kalma ita kaɗai a ciki. Rubuta tsarin, sannan jimla biyu naka na kanka daga aikin ofishinku, da sunayen kayan da kuke saye da irin mutanen da kuke rubuta wa. Jimlar da ta shafi siminti da rasit ɗinku ta fi zama a kai fiye da misalin littafi. Ka karanta su da ƙarfi, domin kunne ne zai riƙa tsayar da kai nan gaba kafin ka tuna wata ƙa'ida. Ka kuma tara su iyali-iyali: *enable, allow, permit* shafi ɗaya, *request, demand, order* shafi ɗaya. Tsari uku ko huɗu a mako sun isa. Na ga masu ɗauko jerin aikatau ɗari daga intanet su haddace a dare biyu. Bayan wata guda ba abin da ya rage.

Abu mafi daraja da kake da shi kuwa shi ne tsofaffin wasiƙun nan masu jan biro. Tattaro su, ka fitar da kowane gyara, ka kasa su bisa sassan da na bi a sama. Abin da na saba gani a rubutun manyan ɗalibai shi ne kurakuran ba su da yawa, 'yan kaɗan ne ke ta maimaituwa. Ban ga rubutunka ba in ban da jimloli ukun nan, don haka kai ne za ka gano naka.

Wannan hanya tana da iyaka. Tana gyara jimla, amma ba ta koyar da tsara wasiƙa ko zaɓar lafazin da ya dace da mai karɓa. Wannan sai da yawan karanta rubutu mai kyau. Kuma Turawan kansu ba bakinsu ɗaya ba. Ba'amurke na cewa *write me*, mutumin Ingila *write to me*. Na farko *on the weekend*, na biyu *at the weekend*. Ba'amurke na iya *protest a decision*, na Ingila ya fi sabawa da *protest against*. Mu a makarantu tsarin Ingila muka gada, shi ya fi aminci a wasiƙa, amma ka riƙe ɗaya kada ka gauraya.

Saboda haka wata rana shugabanka zai soke abin da ƙamus ya yarda da shi, kamar *help me carry* ko *the team are ready*. In hakan ta faru, wasiƙar tasa ce, shi zai sa hannu, ka rubuta yadda yake so. In kuna da fahimtar juna, ka nuna masa shafin bayan an tashi, kai da shi, ba a gaban sauran ma'aikata ba.